Gari a Kan Teku: Rayuwa da Rawa a Jiragen Ruwan Shaƙatawa

A 'yan shekarun nan hotunan wasu manya-manyan jiragen ruwa masu benaye fiye da goma sun cika wayoyin samarinmu, har ta kai ga a rumfar mai cajin waya ta ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Gumel ba a rasa wanda zai nuna maka bidiyon ɗaya daga cikinsu. Masu kallo sukan rabu gida biyu. Wasu na ganin wannan ita ce ƙarshen daular duniya, har suna tambayar hanyar da mutum zai bi ya sami aiki a ciki. Wasu kuwa da zarar sun ga dattijo da dattijuwa masu furfura sun riƙe juna suna juyi a wani makeken zaure, sai su kau da kai su ce ai matattarar shashanci ce kawai. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci, domin rawar nan da ake gani tana da dalili, kuma wanda ya gane dalilinta ya gane abin da waɗannan jirage suke sayarwa, da wanda yake saye, da kuma wanda guminsa yake ɗauke da harkar baki ɗaya.

A da, jirgin ruwan fasinja abin hawa ne kamar kowane abin hawa, ana shigarsa ne domin a isa wani wuri. Da yawa daga cikin ɗaliban Nijeriya da suka tafi karatu Ingila kafin samun 'yancin kai da jim kaɗan bayansa ta ruwa suka bi, kuma jirgin da ya fi suna a wannan hanya shi ne Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya fara zirga-zirga tsakanin Libaful da tashar Apapa ta Legas a 1951, yana shafe kusan mako biyu a hanya. Kakanninmu mahajjatan ƙasa ma, bayan sun ratsa Cadi da Sudan, a jirgin ruwa suke tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. To amma tun ƙarshen ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Albert Ballin, shugaban kamfanin jiragen ruwa na Hamburg, ya lura cewa a lokacin hunturu fasinjojin Tekun Atlantika suna raguwa, jiragensa suna zaman banza. Sai a 1891 ya tura ɗayansu yawon shan iska zuwa Bahar Rum ɗauke da attajirai, a 1900 kuma aka ƙera masa Prinzessin Victoria Luise, jirgi na farko da aka gina musamman domin yawo ba domin sufuri ba. Abin da ya mayar da wannan dabara babbar sana'a shi ne zuwan jirgin sama mai injin jet a 1958, wanda ya taƙaita tafiyar kwana biyar ko shida zuwa 'yan awoyi. Fasinjoji suka watse, kamfanoni da dama suka durƙushe, waɗanda suka tsira kuwa sai da suka sauya haja. Suka daina sayar da isa wani gari, suka koma sayar da zaman cikin jirgin kansa. A kan wannan tunani aka kafa kamfanonin Royal Caribbean a 1968 da Carnival a 1972, dukansu suna aiki daga birnin Mayami na Amurka, kuma a 2023 mutane miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a duniya.

Daga nan matsalar masu jirgi ta zama guda ɗaya, wato yadda za a yi da dubban mutanen da aka tara wuri guda na tsawon mako ko fiye, ba su da aikin yi, ba su san juna ba, kuma babu inda za su fita. Jirgin Icon of the Seas, wanda aka ƙera a Finland ya kuma fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, benayensa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Jimillarsu ta haura yawan mutanen ƙauyuka da dama na Jigawa masu dagaci da kasuwar mako da masallacin Juma'a, sai dai wannan gari ne da babu gona, babu dangi, babu wanda ya san asalin wani, kuma bayan kwana bakwai mazaunansa za su watse a zuba wasu sababbi.

Ranar shiga, kowane fasinja yana karɓar kati guda, wanda shi ne makullin ɗakinsa, shi ne shaidarsa a ƙofar fita da shiga, shi ne kuma aljihunsa, domin ba a ciniki da tsabar kuɗi a ciki. Kafin jirgi ya daga, wajibi ne kowa ya san wurin taruwarsa idan an yi ƙararrawar haɗari, ya kuma koyi ɗaura rigar kariya daga nutsewa. Wannan doka da rayuka aka saye ta. Nutsewar Titanic a 1912, inda mutane kusan 1,500 suka halaka, kwalekwalen ceton da ke cikinsa kuma ba su isa kowa ba, ita ta haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914. Bayan da jirgin shaƙatawa mai suna Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairu, 2012, mutum 32 suka mutu, alhali ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba, sai aka tsaurara dokar, ba a ƙara jinkirta atisayen zuwa washegari. Duk wanda ya tuna kifewar kwalekwale a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, wadda ta ci rayukan ɗaliban Islamiyya masu yawa, ya san wannan ɓangare na tsarin abin koyi ne gare mu ko da ba mu taɓa ganin teku ba.

Kwanakin tafiya iri biyu ne. Akwai ranar tasha, inda jirgi yake tsayawa da safe mutane su fita yawon gari su dawo kafin magariba, wanda ya makara kuwa ba a jiransa. Akwai kuma ranar teku, wadda ba a ganin komai sai ruwa da sama, kuma a nan ne ake gane gwanintar masu jirgi. Tun da dare ake ajiye wa kowa takardar jadawalin gobe, ko a tura masa ta waya, an cike kowace awa da wani abu: motsa jiki da sassafe, lacca a kan tarihi ko taurari, gasar kacici-kacici, darasin girki, wasan kwaikwayo da dare. Abinci kuwa kusan ba ya yankewa daga asuba zuwa tsakar dare. Ruwan sha da na wanka mafi yawansa daga tekun ake ɗibarsa a cire masa gishiri, ko ta hanyar tafasawa da zafin injuna ko ta matsa shi cikin matatai masu ƙananan ƙofofi. A jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda tun 2004 yake ratsa Atlantika tsakanin Southampton ta Ingila da Niyok ta Amurka, yawanci cikin dare bakwai, lokaci ma ba ya zama wuri ɗaya: tazarar agogo tsakanin gaɓoɓin biyu awa biyar ce, don haka mai zuwa Amurka yana samun wasu ranaku masu awa 25, mai komowa kuma masu awa 23. Musulmin da ya sami kansa a ciki sai ya riƙa bin rana da ido wajen lokutan salla, ya kuma riƙa sabunta alƙibla gwargwadon juyawar jirgi.

Ya kamata a san cewa kuɗin tikiti ba shi ne kaɗai ribar kamfani ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da manyan kamfanonin ke samu daga sayayyar cikin jirgi yake fitowa, wato giya, da ɗakin caca, da shaguna, da hotuna, da yawon da ake shirya wa mutane a tasha. Wannan ne ya sa ba a son fasinja ya kulle kansa a ɗaki. Ana son ya fito, ya saki jiki, ya yi abokai, domin wanda ya sake shi ne yake miƙa kati ba tare da lissafi ba.

A wannan mahalli ne rawa take da matsayinta, kuma ba iri ɗaya ba ce a kowane jirgi. A manyan jiragen iyali da ke yawo a Tekun Karibiyan na nahiyar Amurka, rawar ta fi kama da ta gidajen disko, ko kuma wadda ake yi a jere a bakin wurin ninƙaya, wani ma'aikaci yana gaba ana kwaikwayonsa. Wadda ta fi bukatar bayani ita ce tsohuwar rawar bibbiyu ta Turawa, irin su wals da ta yi suna a birnin Biyana na Ostiriya, da tango ta Ajantina, da rumba mai asali daga Kyuba, da fokstirot ta Amurka. Wannan rawa ta ja baya ƙwarai a biranen Turai tun da kiɗan matasa ya sauya a shekarun 1960, amma ta sami mafaka a teku. Zauren rawa na Queen Mary 2, wanda ake kira Queens Room, ana lissafa shi a matsayin mafi girma a cikin jiragen ruwa. Da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma ma'aikata sanye da fararen safar hannu suke zagayawa da shayi a cikinsa, bayan cin abincin dare kuma makaɗa su hau dandamali da kayan busa da ganguna. A wasu darare na musamman ba a shiga sai da baƙar kwat ga maza da doguwar riga ga mata.

Wanda ya tsaya ya lura da filin zai ga abin yana da ƙa'ida fiye da yadda bidiyon daƙiƙa talatin yake nunawa. Duk masu rawa suna zagaya fili ta fuska ɗaya, saɓanin juyin hannun agogo, gwanaye a gefe inda ake sauri, 'yan koyo a tsakiya. Takun wals uku-uku ne, namiji yana jagora da ɗan matsin tafin hannu a kafaɗar abokiyar rawarsa, ita kuma tana karanta nufinsa ta bi, ba tare da an yi magana ba. Sannan ga ƙasan da ake takawa ba a tsaye take ba. Ko da yake jirgin yana da wasu fika-fikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗi, idan teku ta motsa sai ka ga duk mutanen filin sun zame taku biyu zuwa gefe guda lokaci ɗaya, gwanin kuwa shi ne wanda yake rage faɗin takunsa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya jira jirgi ya daidaita kafin ya juya da tsohuwar da ke hannunsa. Da rana akwai darasi kyauta ga wanda bai iya ba, domin ya sami ƙarfin halin shiga fili da dare.

Ba a nan gizo ke saƙa ba, sai an duba su wane ne a kujerun da ke kewaye da filin. A dogayen tafiye-tafiye, musamman zagayen duniya da ke ɗaukar fiye da kwana ɗari, mafi yawan fasinjoji tsofaffi ne da suka yi ritaya, domin su ne suke da lokaci da kuɗi. A cikinsu kuma mata sun fi yawa, saboda a ƙasashe irin su Amurka mace takan fi namiji tsawon rai da kimanin shekara biyar, ga kuma waɗanda aurensu ya mutu. Rawar bibbiyu ba ta yiwuwa da mutum ɗaya, don haka matar da mijinta ya rasu, wadda ta yi shekara arba'in suna wannan rawa tare, sai ta zauna tana kallo. Tun shekarun 1980 kamfanoni suka gano wannan giɓi, suka fara ɗauko maza na musamman domin su yi rawa da matan da suka zo su kaɗai, kuma har yau kamfanoni irin su Cunard da Fred. Olsen an san su da wannan tsari. Galibi dattawa ne marasa aure daga shekara 40 zuwa wajen 70, ana gwada iya rawarsu, ana binciken halinsu. A mafi yawan lokuta ba a biyansu albashi, ladansu shi ne ɗaki da abinci da tafiya, wasu ma su ne suke biyan ɗan kuɗi ga dillalin da ya samo musu gurbin. Dokokin da aka gindaya musu suna da tsauri. Ba a yarda su fifita wata mace a kan wata ba, sai dai su riƙa zagayawa har kowa ta samu. Ba a yarda su shiga ɗakin fasinja ba, ba a yarda su ƙulla soyayya ba, wanda ya karya kuwa a tasha ta gaba ake sauke shi.

Wannan tsari baƙo ne a wurinmu ta kowace fuska. Rawar Bahaushe ba ta san riƙe juna tsakanin namiji da mace ba. 'Yan mata suna gaɗarsu a dandali su kaɗai, matan aure suna kiɗan ƙwarya a cikin gida inda namiji ba ya leƙawa, 'yan koroso suna nuna bajintarsu jama'a na kallo, kuma ko a wurin kalangu gwaninta ake nunawa a gaban makaɗi, ba a rungumar kowa. Addini kuma ya yi magana a fili game da taɓa jikin wadda ba muharrama ba, ni ma a kan haka nake, ba na kuma ganin wata fassara da za ta halatta wa Musulmi shiga wannan fili. Amma ƙin yin abu daban, fahimtar dalilin da ya sa wasu suke yinsa daban. Matar nan mai shekara saba'in da biyar da ta biya maƙudan kuɗi ta hau teku ba fasiƙanci ya kawo ta ba a mafi yawan lokuta. Abin da take nema shi ne wanda zai kira sunanta, ya tambaye ta yadda ta kwana, ya miƙo mata hannu na minti uku. Kaɗaici ya yi tsanani a waɗannan ƙasashe har Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. An ma sami wata tsohuwa Ba'amurkiya da ta yi shekaru da dama tana zaune dindindin a jirgin Queen Elizabeth 2 bayan rasuwar mijinta, domin a can tana da masu gaishe ta kullum.

A garuruwanmu, macen da ta fita takaba tana komawa cikin 'ya'ya da jikoki, ana sallama a ƙofarta safe da yamma, ba a biki ko suna a unguwa ba tare da an aiko mata da goro ba. Abin da kamfanin jirgi yake ɗauko baƙo ya yi na mako guda, zumunci yana yi mata kyauta har ƙarshen rayuwa. Sai dai bai kamata mu yi alfahari da yawa ba, domin duk wanda yake zaune a karkara ya ga yadda ci-rani ya sauya. A da samari suna tafiya bayan girbi su dawo kafin damina, yanzu kuwa da yawa sun tare a Legas da Abuja da Fatakwal, sai dai a ji muryarsu a waya. Akwai gidajen da Inna da Baba ne kaɗai suka rage a ciki, kuma kuɗin da ake turo musu yana sayen hatsi da magani amma ba ya zama a tabarma ya yi hira.

Duk wannan walwala kuwa a kan wuyan wasu take. A ƙarƙashin benayen fasinja akwai wani dogon lungu da ya ratsa jirgin daga goshi zuwa baya, inda ake tura kayan abinci da wanki da shara dare da rana, a gefensa kuma ƙananan ɗakunan ma'aikata, yawanci babu taga, mutum biyu ko fiye a kowanne. Mafi yawansu daga Filifin da Indunusiya da Indiya suke, suna sa hannu a kwangilar wata shida zuwa tara, suna aiki kwana bakwai a mako ba tare da ranar hutu ba. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta hutun aƙalla awa 10 a cikin kowace 24, da awa 77 a mako, wanda ke nufin doka ta yarda mutum ya yi aikin da ya haura awa 12 a rana. Wani babban kaso na abin da masu gyaran ɗaki da masu kai abinci suke samu daga kuɗin ihsani yake fitowa, wanda ake ɗora wa kowane fasinja a kullum. Jiragen kuma yawanci an yi musu rajista a Bahamas ko Panama ko Bermuda ko Malta, ba a ƙasar masu su ba, domin sauƙin haraji da dokokin aiki. Tsohuwar da ke sama ta baro gidan da babu kowa domin ta sami mutane, matashin da yake goge mata tebur kuwa ya baro mata da yara ƙanana na wata tara domin ya ciyar da su.

Saboda haka samarinmu da suke ganin tallan aikin jirgin ruwa a Facebook da WhatsApp su yi hattara. Aikin gaskiya yana bukatar fasfo, da takardar lafiya, da shaidar horon tsaron rai a teku, da littafin ma'aikacin ruwa wanda NIMASA, hukumar kula da sufurin ruwa ta Nijeriya, take bayarwa, da kuma Turanci mai kyau. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta hana dillali karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki a matsayin ladan samo masa gurbi, don haka duk wanda ya ce a sayar da gona ko shanun huɗa a kawo masa kuɗin sama da aiki, da walakin. Wanda ya samu kuma ya sani cewa yawancin guraben hidima sun haɗa da ɗaukar giya da naman alade, gara ya tambayi sashen da za a kai shi tun kafin ya sa hannu. Ga kuma haɗarin cunkoso idan cuta ta ɓulla, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2020 lokacin da aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona, ma'aikata kuma suka ci gaba da kai abinci ɗaki-ɗaki a cikin wannan hali.

Harkar ta fara matsowa kusa da duniyar Musulmi. A Disamban 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da jirginta na shaƙatawa mai suna Aroya, wanda ya fara da tashi daga Jidda yana yawo a Bahar Maliya, babu giya, babu ɗakin caca, abincinsa halal ne, da wuraren salla a ciki. Masu kuɗinmu da suka saba zuwa Umra sau da yawa suna cikin irin mutanen da wannan kasuwa za ta iya jawowa. Sai dai cire giya da caca yana nufin an toshe biyu daga cikin manyan ƙofofin riba, dole a nemi madadinsu a farashin tikiti ko shaguna ko gidajen abinci. Fasinjan da ya shigo da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa kuma ba ya bukatar a ɗauko masa abokin hira, bukatarsa ita ce ɗakuna masu haɗe da juna, da wurin da mata za su sake su kaɗai, da abin da zai ɗauke hankalin yara tun daga hantsi har bayan isha'i.